Neman shawara: furen okid ɗina na mutuwa a tsakar gida

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata ce ta zo mini da ƙananan okid huɗu daga Legas, biyu Dendrobium, biyu Phalaenopsis, haka aka rubuta a jikin ledar. Gidan haya muke a Ƙofar Ƙaura, tsakar gidan duk siminti, ba wurin lambu, shi ya sa na ƙwallafa rai a kansu. Na juye su a robobi da jar ƙasa da takin tumaki kamar yadda nake wa na'a-na'a, ina ba su ruwa safe da yamma. Yanzu ganyen biyu ya yi yaushi, ɗaya kuma da baƙin tabo kamar an ɗora masa dutsen guga. Don Allah ya zan yi?

Mai Lambu: Wa alaikumus salam. Hajiya, yau ɗin nan ki fitar da su daga ƙasar. A jikin bishiya suke rayuwa, saiwarsu iska take so. Yaushin nan ƙishirwa ce: saiwar ta ruɓe, ta daina jan ruwa. Ki wanke ta, duk wadda ta yi baƙi ta yi laushi ki yanke da sabuwar reza. Mai rai tauri gare ta, fara ce idan ta bushe, da ta sha ruwa sai ta koma koriya. Su kwana a inuwa wurin yankan ya bushe. Sannan ƙaramar tukunyar ƙasa mai huji a gefe, gawayi gutsattsari kamar goro kashi biyu, tsingaro kashi ɗaya.

Anti Mai Fure: Gawayi zalla a Katsina? Da hunturu kafin azahar ya bushe ƙamas. Ki haɗa da ɓawon kwakwa, amma ki jiƙa shi kwana 3 kina canza ruwa saboda gishiri. Ki rataye tukwanen, gara na son ɓawon.

Mai Lambu: Anti, ɓawon nan shi zai ruɓar da su a ruwan Agusta. Gawayi kawai, a ƙara yawan ban ruwa.

Mai tambaya: Amma fa na gauraya ƙasar da yashi, ruwa ba ya kwanciya. Kuma wata guda suka yi lafiya lau.

Baban Yara: Laifin masu sayarwa ne, su karɓi kuɗi ba bayani. Phalaenopsis ba ta son zafi ya wuce digiri 30 sosai, mu kuwa a Afrilu muna haura 40. Ga ruwan burtsatse mai barin farin gishiri a bakin tukunya, yana ƙona kan saiwa. Ki tari ruwan sama.

Mai Lambu: A watan da suka yi lafiya, abincin da suka zo da shi a jiki suka ci, Hajiya. Tabon kuma ƙunar rana ce, ba ya gogewa. Mayar da su ƙarƙashin bedi ko jikin bango mai kallon gabas, hantsi kaɗai ya taɓa su. Ruwa da safe. Idan ya taru a tsakiyar ganyen Phalaenopsis ki tsane shi da auduga, in ba haka ba zuciyar ta ruɓe. Taki sai sabuwar saiwa ta fito, mai narkewa a ruwa, kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta. Kada ki zuba NPK na gona.

Mai tambaya: Gidanmu babu bishiya. Zan cire biyun da suka yi yaushi, sauran ina tsoron taɓa su. Kafin damina ta sauka, ruwan leda zai yi?