Na ɗaga bodin Hilux, giyar L4 ta ƙi zama

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu sanin mota. Kwana huɗu ke nan ina fama da wata matsala.

Ina da Toyota Hilux ta 2010, mai dizal, giyar hannu. Na sa mata robobin ɗaga bodi masu tsawon inci 2 tsakanin bodi da shasi, don manyan tayoyi su daina gugar bodi a hanyar gonarmu da damina. Gefe ɗaya muka fara ɗagawa da jak, sannan ɗayan, muka ɗaure dogayen kusoshin. Fankar inji ta riƙa taɓa murfinta da ke jikin lagireto, tunda lagireto ya bi bodi sama, inji kuwa yana kan shasi. Mun sauke murfin, wannan ya wuce.

Abin da ya gagare ni shi ne ƙaramar giya, wato sandar da ke zaɓar tayoyi biyu ko huɗu su ja motar. H2 (tayoyi biyu) da H4 (duka huɗu) lafiya lau. Amma in na tura ta L4 (duka huɗu, a hankali da ƙarfi), sandar tana dukan bakin ramin da ke ƙasan bodi, ta shiga rabi, ina sakin kuloci ta fice. Na cire robar da ke rufe sandar, abin ya ɗan yi sauƙi, bai warware ba.

Bakanikena ya ce a yanka ƙarfen a faɗaɗa ramin. Raina bai kwanta ba, gaskiya, don ruwa da ƙura za su sami hanya. Shin gara a lanƙwasa sandar, ko a ƙara mata tsawo da walda? Wanda ya taɓa yi, inci nawa ya ƙara?

Sannan tiyon birki na gaba ya ɗan miƙe. Zai jure, ko in canza shi kafin in hau hanya?