Ƙanwata na shafe kusan awa wajen alwala, aljanu ne ko ciwo?

Yar Fadaman Mada:
Assalamu alaikum yan uwa dan Allah ku bani shawara. Ƙanwata shekararta 19, tun bayan azumin bara ta canza, alwala ɗaya sai ta maimaita sau bakwai sau takwas wai ruwa bai kai gwiwar hannu ba, buta biyu bata isarta, kabbarar harama ma sai ta yi ta sakewa har rana ta fito bata idar da asuba ba, hannunta duk ya tsage da omo. An mata ruƙiyya sau uku shiru. Abinda ya fi ɗaga min hankali ita da kanta kuka take tana cewa Yaya na san ba daidai bane amma in ban sake ba ji nake ƙirjina zai fashe.

Abban Khairat:
Wa alaikumus salam. Ko a fiƙihunmu na Malikiyya an san wannan, mai yawan shakka ana ce masa mustankahi, hukuncinsa ya yi watsi da shakkar ya wuce. Ku ci gaba da addu'a amma ku haɗa da asibiti.

Maman Sadiq:
Ƙanwata wallahi kamar labarina kike bayarwa, ni nawa duba gas ne da kulle ƙofa sau goma da dare. Ciwon waswasi ne, likitoci na ce masa OCD, ba hauka bane ba kuma raunin imani ba. Tunani ne yake zuwa da ƙarfi ya kawo tsoro, sai ki yi abin ki ɗan samu sauƙi, to wannan sauƙin shi ke ƙara masa ƙarfi gobe. Ku kaita ɓangaren ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) da ke Bauchi, kar sunan ya tsorata ku. Ni an sa ni kan maganin fluoxetine, sai da na kusa wata uku kafin na ga bambanci sosai dan haka kar ta daina a sati biyu, kuma kar ku siya a kemis da kanku. Sannan akwai horon da suke yi, ta yi alwala sau ɗaya ta zauna da damuwar ba tare da ta sake ba, a hankali tsoron yake sauka da kansa. Da wuya sosai a farko, nima na sha kuka.

Yar Fadaman Mada:
Na gode Anti. To tambayar da take yawan min, Yaya alwalata ta yi? In ci gaba da amsa mata?

Maman Sadiq:
Amsar ma tana ciyar da ciwon, ki rage a hankali amma ba da faɗa ba, ku tsara yadda za ku yi tare da likitan.