Kwangilar EPC: wai me ye amfaninta?

Dan_Kurmi: Jama'a don Allah wannan EPC da ake cewa an ba da aikin bututun gas na AKK (Ajaokuta-Kaduna-Kano) da shi, me ye bambancinsa da kwangilar da muka sani?

Injiniya_Zariya: Kamfani ɗaya ne zai zana aikin, shi zai sayo kaya, shi zai gina, gwamnati ta karɓi aiki a gama, in an samu matsala ba wanda zai ce laifin mai zane ne.

Uwar_Gida: To amma malam tun 2020 Buhari ya ƙaddamar da aikin bututun, kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kano, kuma ya wuce wa'adinsa fa.

Injiniya_Zariya: Hajiya ai EPC ba ya kawo kuɗi, in biya ya tsaya ko dala ta tashi dole aiki ya ja.