'Yata tana rawa amma ba ta bin kiɗa, in sa ta ajin koyo ko in jira?

Maman Ilham: Salam jama'a, shawara nake nema. Ilham shekararta 3, da ta ji kiɗa sai ta miƙe tana tsalle tana juyi amma ƙafarta daban kiɗan daban, kullum tana riga shi. Jinta lafiya, an gwada. Akwai mai koya wa yara rawa, in biya in sa ta ko in bari ta ƙara wayo?

Abban Sadik: A duba mata kunne tukuna.

Maman Ilham: Ai na ce an gwada.

Umma Rabi: Kar ki kai ta wlh. Nawa yana shekara 4 suna shirin wasan ƙarshen zango malamar ta ce yana ɓata mata layi, ta ja shi baya gaban 'yan'uwansa, yaron da ko ƙarar injin wanki ya ji sai ya kaɗa kafaɗa. Ya dawo ya zauna bakin gado ko takalmi bai cire ba. Yau shekara 3 kenan, in aka kunna kiɗa fita yake. Ga tsadar ajin.

Anti Zee: Wace tsada? Namu kuɗin bai taka kara ya karya ba.

Malama Hauwa: Maman Ilham kwantar da hankalinki, haka 'yan ajina suke. Ƙananan yara motsinsu ya fi na manya sauri, shi ya sa take riga kiɗan, daidaituwar sai wajen shekara 4 zuwa 5 take fara zama. A 2009 wasu masu bincike, Kirschner da Tomasello, sun gwada yara da ganga, 'yan shekara 2 da rabi ma sun fi kama bugun idan mutum ne ke bugawa tare da su, ba sifika ba. Ki zauna gabanta ki tafa, ki bi saurinta tukuna.

Umma Rabi: Malama 'ya'ya 6 na raina, ba a takarda na karanta ba.

Malama Hauwa: Ni kuma 30 nake wuni da su kullum, Umma.

Anti Zee: Maigidana shekara 45 har yau bai kama bugun ba, a sa shi ajin tare da Ilham 😂

Abban Sadik: Ni abin da ke ci min rai ma sifikun da makarantu ke ajiyewa dab da kan yara ranar wasa, Sadik ya kwana yana cewa kunnensa na ƙara, na yi magana aka ce ni kaɗai na yi ƙorafi.

Umma Rabi: Ai namu ma haka suka yi, yara na toshe kunne ana ce musu su yi murmushi.