Tambaya: yaya ake turke na'urar awo a tsakiyar teku har ta shekara ba ta ɓace ba?

Ɗalibin Jogirafi, Ƙofar Ƙaura:

Assalamu alaikum. Malaminmu na darasin yanayi ya ce akwai na'urori a turke a Tekun Atlantika, kudu da mu, suna auna ɗumin ruwa da iska. Abin da ya ɗaure mini kai, zurfin wurin ya haura mita 4,000. Da me ake ɗaure su? Kuma ta yaya ake sanin suna aiki kafin a jefa?

Bakatsine a Bakin Teku:

Wa alaikumus salam ƙanena. Na taɓa bin jirgin bincike lokacin karatuna, da idona na ga yadda ake yi. Waɗanda malaminku yake nufi na shirin PIRATA ne, haɗin gwiwar Barazil da Faransa da Amurka tun 1997. Akwai irinsu da suka riga su a Tekun Fasifik, na shirin TAO, da aka kafa bayan El Nino, wato ɗumamar ruwan Fasifik mai birkita yanayi, na 1982 zuwa 1983 ya zo wa masana ba zato.

Abin da ke saman ruwa kamar ƙatuwar taya yake, faɗinsa ya ɗan wuce mita 2, da 'yar hasumiya mai ɗauke da ma'aunin iska, ruwan sama da hasken rana. A ƙarƙashinsa akwai wayar ƙarfe, an ɗaɗɗaure mata ma'aunan gishiri a sama-sama da na zafi har mita 500, daga ƙarshen wayar sai igiyar nailan har ƙasa. Anka kuwa, wato nauyin da ke riƙe na'urar a ƙasan teku, tsofaffin ƙafafun jirgin ƙasa ne aka haɗa.

Gwaji shi ne uwa uba. Dab da ankar akwai wata ƙugiya mai jin sauti. In shekara ta zagayo, daga jirgi ake aika mata sauti na musamman ta cikin ruwa, sai ta saki ankar, a janye komai. In ta ƙi buɗewa, kun shiga uku. Don haka kafin a yarda da ita, sai an ɗaure ta a kejin ƙarfe na awon ruwa, an zura ta can ƙasa inda sanyi da matsin ruwa suke, a kira ta a ji ta amsa, a ba ta umarni, a fito da ita a ga bakinta a buɗe. Su ma ma'aunan zafin haka ake zura su tare da babban ma'aunin jirgi a kwatanta. Na ga wani dattijon injiniya ya ware guda ɗaya saboda ɗan saɓanin da ni ban ɗauke shi a bakin komai ba. Gaskiyarsa ce, don in ta shiga ruwa ba mai sake taɓa ta sai baɗi.

Wajen jefawa, ba ankar ake fara saki ba. Kan, wato tayar nan ta saman ruwa, ake fara saukewa, jirgi ya riƙa tafiya a hankali ana warware igiya ana ɗaura ma'aunai ɗaya bayan ɗaya, aikin sa'o'i, kowa da hular kwano, ba mai tsallaka igiya. Sai igiyar ta miƙe kilomitoci a bayan jirgi sannan a saki ankar. Tana nitsewa za ka hango kan yana tahowa a guje yana yanka ruwa, har ya tsaya cak. Jirgi ba ya tafiya sai an ga saƙonta ya fara isowa ta tauraron ɗan'adam.

Dattijo Manomi, Daura:

Allah ya yi maka albarka ɗana. Mu da muka ga farin 1973 da na 1984 ba ma wasa da zancen damina. To wannan abu zai iya gaya mini ranar da zan yi shukar gero?

Bakatsine a Bakin Teku:

Amin Baba. Ranar shuka kam ba zai faɗa ba, kada wani ya ruɗe ku. Amma iskar da ke kawo mana ruwa daga wannan tekun take tasowa. Wajen Mayu zuwa Yuni ruwan Mashigin Gini, ɓangaren tekun da ke kudu da Najeriya, yakan yi sanyi, wannan yana taimaka wa damina ta hauro arewa. Shekarar da ya zauna da ɗumi, sau da yawa ruwan sama yakan fi yawa a kudu, mu ya yi mana ƙaranci. Irin waɗannan awo ake zubawa cikin kwamfutocin hasashen yanayi na duniya, waɗanda hukumomi irin NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, ke dubawa. Abin da ke ci mini rai, kifi na taruwa a ƙarƙashin na'urorin, sai wasu masunta su ɗaura jirginsu a jiki, a karya ma'auni ko a tsinke igiya, a yi watanni ba labari daga wurin.

Ɗalibin Jogirafi, Ƙofar Ƙaura:

Na gode Yaya. Ashe ana iya samun bayanan kyauta a intanet, yanzu na gani. Zan sauke na turken da ke kan layin ikwaita, digiri 10 yamma, in kwatanta da ruwan saman Katsina, in kai wa malam ya duba ko zai yi aikin kammala karatu.