Barcin yaranmu: yaushe ne ya zama abin damuwa?

Maman Biyu, Rikkos: Assalamu alaikum iyaye. Ɗana mai shekara 3 yana minshari kamar wani magidanci, baki a hangame, matashi sharkaf da yawu. Na ɗauka sanyin Jos ne, to ga hunturu ya wuce abin bai daina ba. Wa ya taɓa ganin irin wannan?

Anti daga Bukuru: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, daren yau ki zauna a kansa ki kasa kunne. Tawa haka ta yi: minshari, sai tsit, sai ta fizgo numfashi kamar wadda aka shaƙe. Da rana kuwa rigima ba gaira ba dalili. Surukata ta ce belu ne, a kira wanzami. Allah Ya so ni na ƙi. A asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya ce tsokar bayan hanci ce ta kumbura tana tare iska. Ki ɗauki bidiyon barcinsa a waya, don a gaban likita idonsa biyu, ba za a ji komai ba.

Baban Yara, Unguwar Rogo: Namu firgita ce. Awa 2 da kwanciya sai ihu, ido a buɗe, gumi, amma bai san mu ba. Da safe ka tambaye shi, bai tuna komai. Tofi ba irin wanda ba mu yi ba. Daga baya muka lura ranar da bai yi barcin rana ba ne abin ke zuwa. Ashe ɗan shekara 3 zuwa 5 yana buƙatar barcin awa 10 zuwa 13 a kullum, har da na rana, namu kuwa sai an kashe talabijin yake kwanciya.

Hajiya Kaka, Gangare: Ku riƙa duba tsutsa ma. Jikata juyi take ta yi tana sosa gindi cikin dare. Da ta sha maganin tsutsa muka huta.

Amarya, Dilimi: Hajiya, ni jaririna sati 5, duk bayan awa 2 ko 3 ya tashi.

Hajiya Kaka, Gangare: Wannan yunwa ce 'yata, ba ciwo ba. Ki ba shi nono, ki kwantar da shi rigingine, ki rage tulin bargon nan. Kada ki kwana da garwashi a ɗaki a rufe, kuma kada wata ta ba ki maganin mura wai don ya yi barci.

Maman Biyu, Rikkos: Anti, na saurara jiya. Sau 4 ya yi tsit ɗin nan. Bidiyo na waya, gobe sai asibiti in sha Allah.