Mustang 1966: Ina So In Sa Fawa Sitiyari, Amma Hedas Sun Cinye Wurin

Mai_Mustang66:

Assalamu alaikum jama'a. Motar Ford Mustang ce ta 1966, injin 289 mai silinda takwas, giya huɗu ta hannu, sitiyarinta na asali wanda ba shi da fawa, wato abin da ke taimaka wa direba juya shi. Tayoyin gaba masu faɗin milimita 225 ne, don haka juya sitiyari idan mota na tsaye sai an yi da gaske. Hedas ɗin da ke jiki, wato bututun da ke fitar da hayaƙi daga injin, dogaye ne, kaurin kowane bututu inci 1 da 5/8, kuma a ɓangaren direba tazarar da ke tsakaninsu da akwatin sitiyari ba ta wuce milimita 8 ba. Kulocin ma na sanda ne, irin na kamfani. Wace hanya zan bi in samu fawa ba tare da na zubar da hedas ɗin nan ba?

Tsohon_Bakanike:

Wa alaikumus salam, Malam. In fawa mai aiki da mai kake so, hanya biyu ce, kuma kowacce da inda take karo da hedas.

Ta farko ita ce wadda Ford ya yi wa motar a wancan zamani, tsarin Bendix. Akwatin ba ya karɓar mai ko kaɗan. Bawul ne a kan doguwar sandar tsakiya da ke haɗa ƙafafun gaba, sai silinda mai tura sandar, gindinta a ɗaure da shasi ta ɓangaren direba. To daidai nan dogayen hedas suke gangarowa. Shi ya sa ake sayar da ƙarfen da ke sauke mazaunin silindar ƙasa. Amma da zarar mazaunin ya yi tsawo, ƙarfin da silindar ke bankarar shasi da shi ya ƙaru, notunan da aka dasa a cikin shasin kuma sukan tsinko, wani lokaci har da yagar ƙarfen. Wanda ya bi nan dole ya yi wa wurin ƙarin faranti da walda. Ga tiyo huɗu suna lilo kusa da wuta, ga yoyo. In ba so kake motar ta zama tamkar yadda ta fito daga kamfani ba, ban ga dalilin kashe kuɗi a kai ba.

Ta biyu ita ce akwati mai fawa a cikinsa, irin na Borgeson. Yana zama a ramukan nan uku na tsohon, kuma yana aiki da sandunan sitiyarin da ba na fawa ba, wato waɗanda kake da su yanzu. Lissafin juyinsa, wato yawan juyin sitiyari kafin taya ta juya, 14:1 ne, naka kuwa kusan 20:1, don haka juyi kaɗan zai kai taya ƙarshe. Sai dai ya fi tsohon ƙiba, tiyo biyu kuma ta samansa suke fita. Milimita 8 ɗinka za ta tafi gaba ɗaya. Bayan haka yana tokarar sandar kuloci mai siffar Z, sai ka nemi wadda aka gyara don wannan aiki ko ka mayar da kulocin na kebur ko na mai. Kar ka manta kuma a motocin 1965 da 1966 sandar sitiyari ɗaya ce santal daga akwati har hannun direba. Idan tsohon akwati ya fita, da sandarsa yake fita, sai an rage tsawon bututun da take ciki an sa mahaɗi.

Masu wannan akwati da yawa manifol ɗin hayaƙi na ƙarfen zubi na injin Ford Hi-Po suke komawa, ko gajerun hedas. Ko hedan Tri-Y irin wanda Shelby ya sa wa GT350 ba kowane kamfani ne nasa ke wucewa ba. Akwatin ake fara ɗaurawa, a auna, sannan a sayi hedas.

Mai_Walda:

Oga ya gama magana kan akwati. Ni kan awon zan tsaya, don milimita 8 ɗin nan ba lallai ta zama gaskiya ba.

Fara duba injin sit, wato robar da injin ke zaune a kai. Idan robar ta zauna, injin ya sauka, hedas sun sauka tare da shi. Sa sababbi, sassauta notunan har da na mazaunin giya, ka ga ko injin zai ɗan gusa ɓangaren fasinja. Ana iya samun milimita 3 zuwa 5 a nan ba tare da an taɓa guduma ba. Kuma ka sani idan aka taka totur ɓangaren direba ne ke ɗagawa, saboda haka abin da bai taɓa ba a gareji zai iya taɓawa a titi.

Abin da za ka nema: aƙalla milimita 12 tsakanin bututu da jikin akwati, milimita 25 tsakanin bututu da duk wani tiyo. Ɗaga gaban mota, juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe, ka kalli hannun da ke ƙasan akwatin, don shi ne yakan gogi bututu a ƙarshen juyi. A injin Ford silinda 5 zuwa 8 su ne na ɓangaren direba. Shafa alli a jikin akwati, bututun da ya kwashi allin shi ne mai laifi.

In lotsawa za a yi, cire hedan, gasa wurin da wutar gas har ya yi ja, ɗora guntun bututu mai kauri a kai, shi za ka buga ba hedan ba. Haka lotsawar ke fita sumul babu kaifi. Zurfin milimita 5 ko 6 a bututu ɗaya ba za ka ji shi a ƙarfin injin titi ba. In abin ya wuce haka, a yanke sashen a yi masa sabon lanƙwasa. Hedan da aka yi wa rufin siramik kuwa rufin zai fashe a wurin, tsatsa ta fara daga nan.

Naɗe hedas da ƙyallen hana zafi ba na ba da shawararsa a kan ƙarfe mara sitilas, yana riƙe laima ya ci bututun. Gara farantin alminiyam da ka bar wa iska ta gaba da ta baya. Zafi ne ke ƙona man fawa, ya busar da sil, akwati sabo ya fara zuba.

Ɗan_Wayarin:

Malam, tunda hedas ɗin kake son tsira da su, kar ka taɓa akwati da hedas a ɗakin injin. Sa fawa ta lantarki a ƙarƙashin dashbod. Babu famfo, babu bel, babu tiyo, sandar kulocinka na nan yadda take.

Ɗaya daga cikin waɗanda ake yawan amfani da su shi ne na Toyota Prius ta 2004 zuwa 2009. Kwamfutarsa in ba ta samu saƙon gudun mota ba sai ta tsaya a kan taimako matsakaici, ba ta sauyawa. Waya uku kawai take so: wuta daga batir, ta ƙasa wadda ake ɗaurawa a jikin mota, da ta makulli. Na Saturn Vue kuwa sai an haɗa masa ƙaramin akwatin sarrafawa daban. In a gida Najeriya kake, nemi na Toyota wurin masu kayan Beljiyam, ka tabbata moton lantarkin da kwamfutar daga mota ɗaya aka ciro su, da filoginsu da guntun waya.

Babbar wayar kaurinta ya zama lamba 8, da fiyus mai amfiya 60 dab da batir. Altanetan motar na asali amfiyarsa wajen 40 ne, ba zai ɗauka ba idan fitilu na kunne kana fakin. Sa na Ford 3G, akwai mai 95 akwai mai 130.

Inda ake ɓata aikin shi ne mazauni. Duk ƙarfin da moton ya ba sanda, irinsa yake mayarwa kan abin da ya riƙe shi. Ɗaure shi da ƙarfe mai kauri a jikin mazaunin fedoji, ba a lallausan ƙarfen dashbod ba. Sandar motarka inci 3/4 ce, a haɗa ta da mahaɗi mai noti, a sa boris inda ta ratsa bangon injin. Ɗigon walda kaɗai ba abin dogaro ba ne a kan sitiyari.

Tsohon_Bakanike:

Na yarda hanyar lantarki ita ce mafi sauƙi ga wannan mota, amma akwai sharaɗi. Na lantarki duk ƙarfinsa ta cikin tsohon akwati yake bi, akwatin da aka ƙera tun wajen 1966. In akwai wasa a tsakiyarsa, fawa za ta ɓoye maka nauyin ne kawai, wasan na nan. A buɗe shi, a sauya boris da bushin, a cika shi da giris. Juyin kuma ba zai ragu ba sai in an samu akwati mai 16:1. Milimita 8 ɗin ma a gyara ta kamar yadda Mai_Walda ya ce, don giris ma narkewa yake.

Mai_Mustang66:

Allah ya saka da alheri. Na lantarkin zan bi. Alaimen fa, a bar shi kan lissafin kamfani?

Tsohon_Bakanike:

A'a. Lissafin kamfani na tayoyin da ne, kasta, wato jinginar da mazaunin juyin taya ke yi baya, kaɗan suka ba motar don sitiyari ya yi sauƙi a hannu. Da fawa, kai ta digiri 3 ko sama kaɗan, in ba haka ba sitiyari ba zai riƙa komawa tsakiya da kansa ba, motar kuma za ta yi yawo a babban titi. A 1966 da shim, wato siraran faranti na ƙarfe, ake yi a hannun sama na ƙafa, a ƙara a notin gaba. In shim bai kai ba, sa sandar jan ƙafa mai zare, amma da taya 225 duba gaban madigadi, don gaba tayar take matsowa.